Aikin gida na Turanci ya jawo mini fushin wani uba, ku ba ni shawara

Malamar SS2:
Assalamu alaikum iyayena da abokan aikina. Wata magana ce ta kwana uku tana ci mini rai, na ga gara in baje ta a nan ku duba mini.

Turanci nake koyarwa a ajin SS2, yara sun haura saba'in a aji guda. Shekara da shekaru ina ba su insha'i irin wanda muka gada, ranar da ba zan manta ba, abincin da na fi so, kuma kowace shekara abu ɗaya nake karantawa, har kuskuren ma a wuri ɗaya yake, domin daga littafin yayyensu suke kwafowa. Wannan zangon sai na canza. Na ce kowa ya nemi tsoho ko tsohuwa a gidansu ko a maƙwabta, ya yi masa wata 'yar hidima, ko da ruwan alwala ne ya zuba masa a buta, sannan ya zauna ya tambaye shi yadda suka yi karatu a zamaninsu, me yake tunawa sarai, me kuma ya fara kuɓuce masa. Hira da Hausa, rubutu da Turanci, kalma 250. Abin da nake so su gwada hannu a kai shi ne "used to", da bambancin "remember" da "remind", waɗanda kullum suke cuɗa mini su.

Wata yarinya, wadda a da ko layi biyar ba ta cikawa, ta kawo shafi biyu a kan kakarta ta wajen uba. Ta ce tsohuwar takan tambaye ta ko ta ci abinci sau biyar kafin azahar, wani lokaci ta kira ta da sunan gwaggonta da ta rasu, amma idan aka ja mata farkon Yasin sai ta kai ƙarshe ba gargada. Ta ce da can takan ɗaga mata murya ta ce ai na faɗa miki, yanzu kuwa ta daina. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Na karanta wa aji ban ambaci suna ba, amma yaran 'yan unguwa ɗaya ne, suka gane. Shekaranjiya mahaifinta ya zo makaranta ransa a ɓace, ya ce na sa 'yarsa ta tona asirin mahaifiyarsa, kuma shi Turancin jarrabawa ya kawo ta ta koya. Na ba shi haƙuri. To, in daina irin wannan aikin ke nan, ko yaya kuka gani?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Malama, ki yi haƙuri, ni ina bayan uban nan. Uwa fa ce. Wane ɗa ne zai so a ce yaran unguwa suna nuna mahaifiyarsa suna cewa ga wadda ta ruɗe? Sannan maganarsa ta biyu ma gaskiya ce. Baɗi yaran nan za su zauna WAEC da NECO, kuma in babu kiredit a Turanci babu jami'a, ko da kin ci sauran duka. Ki ɗauko musu tambayoyin shekarun baya ku yi ta bi. Tarbiyya ki bar mana a gida.

Maman 'Yan Biyu:
Haba Baban Khalifa, wace tarbiyyar aka bar wa gida? Yaro ya dawo daga makaranta ya kifa kai a waya har isha'i, kakarsa tana ɗaki ba mai leƙa ta. Yarinyar nan da bakinta ta ce ta daina yi wa tsohuwa tsawa. Ni da malamar 'ya'yana ce ta yi wannan, turare zan aika mata.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, shekara 35 na yi ina riƙe da alli kafin in ajiye aiki, bari in raba miki maganar gida biyu, domin an haɗa ta ne shi ya sa ta yi nauyi.

Aikin da kika bayar ba shi da aibi, kuma shi ne ainihin Turancin jarrabawar da uban yake nema, ko da bai sani ba. A takardar WAEC ana son insha'i da bai gaza kalma 450 ba, kuma ana duba abu huɗu: abin da yaro ya faɗa, yadda ya tsara shi, yadda ya sarrafa harshe, da kurakuran rubutu. Sarrafa harshen nan shi ya fi kowanne maki. Yaron da ya haddace insha'in wani, da zarar an karkata tambayar kaɗan sai ya tsaya cak, ko ya zuba haddarsa a inda ba ta shiga, kuma mai maki yana ganewa tun daga sakin layi na farko. Yaro ba ya neman kalma sai yana da abin da yake son faɗa. Yarinyarki ta cika shafi biyu ne saboda abin yana cikin zuciyarta, dole ta nemo Turancinsa.

Inda kika yi kuskure shi ne karantawa a gaban aji ba tare da kin tambaye ta ba. Ke ta rubuta wa, amana ta ba ki. Ɓoye suna ba ya ɓoye komai a unguwar da kowa ya san kakar kowa. Wannan ki karɓa, ki je har gida ki gyara, kada ki tsaya a haƙurin da kika bayar a ofis.

Malamar SS2:
Na gode Baba. Na karɓa. Daɗin rubutun ne ya ɗebe ni, ban tsaya na yi tunanin tsohuwar ba.

Baban Khalifa:
Ranka ya daɗe Hedimasta, ban ƙi ta taka ba. Amma mu da hadda muka ci jarrabawa. Sati biyu kafin a fara mukan kwana a aji, goro da shayi, har asuba. Kuma muka fita da sakamako mai kyau.

Ɗalibar Ilimi:
Baba Baban Khalifa, da girmamawa, ina da tambaya: cikin abin da kuka kwana kuna haddacewa, nawa ne ya kai wata guda a kai? A sashen koyon aikin malanta mun karanta wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, wanda a 1885 ya fitar da sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna yadda suke zubewa. Ya ga mafi yawan zubewar a sa'o'in farko da ranar farko take faruwa, daga nan sai ta rage gudu. Ya kuma ga cewa maimaicin da aka rarraba a kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya.

Akwai wani gwajin kuma da Roediger da Karpicke suka wallafa a Amurka a 2006. An ba ɗalibai nassi, wasu suka sake karantawa, wasu aka karɓe takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu sake karantawa ne a gaba. Bayan mako guda kuwa abin ya juye: waɗanda suka rubuto da ka sun riƙe kusan kashi 56 cikin ɗari, masu maimaita karatu kashi 42. Ka ga kwanan aji yana iya fitar da mutum gobe da safe, amma harshe ba abin gobe da safe ba ne. Ga kuma barci. Likitoci suna cewa ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka koya da rana.

Almajirin Tsangaya:
Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Ina karanta bayaninki ina murmushi, domin abin da kika ce Bajamushe ya auna shi muke yi a gaban alarammomi tun kaka da kakanni. Ba a wanke allo sai ka kife shi ka biya da ka, malam yana saurare. In ka yi gargada, ka koma. Kuma ba a barin na baya don an samu sabo: da asuba tilawa, da dare a zagaye wuta a yi tishi, gardi ya ɗauko izu kaza yau, gobe ya ɗora daga inda ya tsaya, har ya zagayo sittin ya sake. Hadisi ya zo a Buhari da Muslim cewa a riƙa bibiyar Alƙur'ani, domin ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa.

Shi ya sa labarin tsohuwar nan bai ba ni mamaki ba. Yasin ɗin da take kaiwa ƙarshe wataƙila shekara sittin tana biya ta. Abincin da ta ci ɗazu kuwa sau ɗaya ya wuce ta gabanta. Kuma Malama, in kina son ki ɗaure wa yaran aikin nan da abin da suka sani, ki tuna musu aya ta 70 a Suratun Nahli, inda Allah ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi rauni na rayuwa har ya zamo bai san komai ba bayan ya sani. Sai aya ta 23 a Suratul Isra'i, da ta hana a ce wa iyaye ko da "uf" idan tsufa ya riske su a wurinka. Yarinyar da ta daina cewa ai na faɗa miki, da ayar nan ta yi aiki.

Baban Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, ai ka ga tsangaya ma hadda ce. Ita nake cewa.

Almajirin Tsangaya:
Hadda ce Alhaji, amma ba ta dare ɗaya ba. Babu alaramman da ya kwana biyu bai yi barci ba ya tashi da Baƙara.

Sista Mai Jinya:
Ku ba ni dama in sa baki ta ɓangaren aikina, domin abin da ya fi tsaya mini a labarin nan tsohuwar ce.

Mantuwar tsufa iri biyu ce, kuma ya kamata yaranmu su san bambancin. Akwai wadda kusan kowa zai yi: sunan mutum ya ɓace maka sai can anjima ya faɗo, ka ajiye carbi ka neme shi, koyon sabon abu ya ƙara ɗaukar lokaci. Wannan ba ciwo ba ne. Amma mutum ya maimaita tambaya ɗaya sau biyar cikin 'yan sa'o'i, ya ɗauki jika a matsayin 'yarsa da ta rasu, ya ɓata a hanyar da ya shekara arba'in yana bi, ya kasa lissafin raka'a, wannan ya wuce tsufa kawai. Shi muke kira gigin tsufa mu wuce, alhali larura ce ta ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da ita, sama da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi irin namu. Mafi yawanta nau'in da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana ne a 1906, wanda yakan fara taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon abu. Shi ya sa na jiya yake tafiya, na ƙuruciya ya daɗe.

Dalilin da ya sa nake son a kai ta asibiti: ba kowace ruɗewa ce marar magani ba. Ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, wasu magunguna, har ciwon fitsari a jikin tsoho, duk suna iya kawo ruɗewa, kuma ana magance su. Hawan jini da ciwon suga da ba a kula da su ba suna lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali. Rashin ji ma yana ƙara abin, domin tsohon da ba ya ji sai ya janye daga hira.

Kuma ɓoyewar nan da muke yi tana da illa. Na sha ganin tsohuwa ta fita da dare ta ɓata, ta faɗi maganar da ba kai, unguwa ta ce mayya ce. Yaron da ya san cewa ciwo ne ba zai ɗauki dutse ba.

Maman 'Yan Biyu:
Sista kin taɓo mini inda yake ciwo. Surukata shekara huɗu muka yi da ita a haka kafin Allah ya karɓi abarsa. Kullum da la'asar sai ta ɗaure kayanta ta ce za ta gida, iyayenta suna jira, alhali sun fi shekara talatin da rasuwa. Da farko mukan ce mata Inna ai sun mutu, sai ta fashe da kuka kamar yanzu aka yi mata rasuwar. Ɗana ne, yana JSS3 lokacin, ya gano dabara. Sai ya ce Inna bari rana ta yi sanyi in raka ki, kafin nan ba ni labarin gidan naku. Ta zauna ta yi ta ba shi labarin rijiyar ƙofar gidansu da yadda ake saƙa a garinsu, har a kira magariba ta manta da tafiyar. Mu manya ba mu iya ba, yaro ya iya. Har yau in na tuna kukan da muka sa ta sai in nemi gafarar Allah.

Sista Mai Jinya:
Allah ya jiƙanta. Abin da ɗanki ya yi shi ake koya wa masu kula da irinsu. Kada a yi musu gardama, kada a ce kin tuna ko kin manta, a yi magana gajera a fuskance su, a bar musu kayansu inda suka saba.

Mushen Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan yaro da Faransanci yake fara lakwal, wato makarantar boko, Ingilishi sai ya shiga kwaleji, ga shi ba ya jin sa a kasuwa ko a rediyon gida kamar ku. Saboda haka kalma 250 ta yi wa nawa yawa. Amma zan ɗauki dabarar in rage ta: jimla biyar da "used to" a kan kaka, kowa ya karanta wa na kusa da shi. Tambayata Malama, yara saba'in, yaya kike gyara duka?

Malamar SS2:
Mushe, ba na bin kowane kuskure, in na yi haka jan biro zai cinye takardar yaro ya karaya. Kowane aiki abu biyu nake farauta. A wannan karon lokacin da ya shige ne, wato "past tense", da "remind". Sauran in ja layi a ƙasa, shi ya nemo gyaran. Kuma tun da Ɗalibar Ilimi ta yi bayaninta nake tunanin in ware minti biyar na farkon kowane darasi, a rufe littafi, kowa ya rubuto kalma biyar daga makon jiya da biyu daga watan jiya.

Tsohon Hedimasta:
Ki yi hakan, kuma kada ki sa maki a kai, don kada su fara satar amsa.

Wani abu kuma da nake so ki gwada da su. Ki rubuta "kindness" a allo ki ce su ba ki Hausarsa. Za ki ji wani ya ce kirki, wani alheri, wani tausayi, wani kyautatawa, wata ma ta ce kara. Duk sun yi daidai kuma duk ba su cika ba. Alheri abin da ka miƙa ne, tausayi abin da ka ji a zuci, kirki kuwa halin mutum ne gaba ɗaya, shi ya sa muke cewa mutumin kirki. Daga nan ki juya, ki ce su nemo miki Turancin kara. Za su sha wuya, kuma a wannan wuyar za su gane cewa fassara kalma da kalma ba ta kai mutum ko'ina. Ita ce cutar da take sa su rubuta "borrow me your pen", domin a Hausa ara ɗaya ce, ko kai ka karɓa ko kai ka bayar. Na fi shekara ashirin ina yaƙi da wannan jimlar.

Baban Khalifa:
To, na ji bayanin kowa, kuma maganar Sista ta shige ni, domin ni ma ina da kawu da ya fara irin wannan, muna ta cewa tsufa ne. Amma ina nan a kan abu ɗaya: abin da ya shafi cikin gida a nemi izinin masu gida. Ba kowane uba ne yake cikin zaure irin wannan da za a yi masa bayani ba. A rubuta wa iyaye 'yar takarda da Hausa tun kafin a ba da aikin, wanda bai yarda ba ɗansa ya yi hira da limamin unguwa ko wani dattijo a kasuwa.

Ɗalibar Ilimi:
Wannan shawarar ta yi, Baba. Kuma ana iya ce wa yaran su canza suna da dangantaka a rubutun.

Malamar SS2:
Assalamu alaikum. Na dawo in ba ku bayani, tunda da ku aka fara.

Jiya bayan la'asar na je gidan, na roƙi wata dattijuwar malama a makarantarmu ta raka ni. Mahaifin ya karɓe mu a zaure, da farko fuska ba walwala. Na ce masa laifin nawa ne, yarinya ba ta san zan karanta ba, kuma na kawo masa takardar da hannuna. Ya ce a fassara masa. 'Yarsa ce ta fassara, tana tsaye a bakin ƙofa muryarta tana rawa. Da ta zo wurin da ta ce ta daina ɗaga wa kakarta murya, sai ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce shi ma yana yi, in ya dawo kasuwa a gajiye ta tare shi da tambayar da ya amsa da safe.

Aka shigar da mu muka gaishe da Hajiya. Ta riƙe hannuna ta tambaye ni 'yar gidan wa ce, na faɗa mata, ta sa mini albarka. Kafin mu tashi ta sake tambaya sau biyu, jikar tata tana amsa mata a hankali kowane karo, tana gyara mata mayafi.

Bai ce ya yarda a ci gaba da karanta irin wannan a aji ba, ni ma ban roƙa ba. Na yi masa alkawarin takardar izini kamar yadda Baban Khalifa ya kawo, kuma ba zan ƙara karanta aikin kowa ba sai mai shi ya amince. Takardar insha'in kuwa, ya ce a bar masa.

Sista, na gaya masa abin da kika ce game da asibiti. Ya ce rabon da a auna jininta tun kafin azumin bara. Don Allah ki turo mini ta akwatin saƙo abubuwan da zai ce a duba mata, ranar Litinin yake son kai ta.

Sista Mai Jinya:
Na tura miki yanzu. Ki ce ya tafi da duk magungunan da take sha, har na gargajiya, kuma jikar ta bi su, domin ita ta fi kowa sanin yaushe abin ya fara.